Amsa ga Malam: abin da ya kai ni filin koyon harbi a Amurka

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam.

Ranar taron tsofaffin ɗalibai, ina zaune a layi na biyu, kuka juyo kuka tambaye ni a gaban jama'a: ni da na fito daga ƙasar da bindiga ta hana mutane noma ta hana su barci, me na je nema a wurin da ake koya wa mutane harbi ana ba su labarin yaƙin kakanninsu? Kuka ƙara da cewa ko so nake mu ma mu kwaikwaya. Nauyinku ya hana ni buɗe baki a ranar. Amma tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, bai kamata amsar ta tsaya a soro tsakanina da ku ba.

Gaskiya ne na je, kwana biyu, Asabar da Lahadi. Sunan shirin Project Appleseed, ya fara a 2006 a garin Ramseur na jihar Karolina ta Arewa, yanzu kuma ana yin sa a kusan kowane sashe na Amurka. An ɗauko sunan daga laƙabin John Chapman, mutumin da ya riƙa yawo yana dasa itatuwan tuffa shekaru 200 da suka wuce. Masu koyarwar 'yan sa-kai ne, ba a biyan su ko sisi. Da hula ake gane su: mai ruwan goro yana koyon koyarwa, mai ja ya ƙware, mai koriya shi ne shugaban fili, maganarsa ce yanke.

Kafin kowa ya taɓa bindiga sai an haddace dokoki huɗu, ana maimaita su da ƙarfi kamar 'yan makarantar allo. Bakin bindiga kullum yana kallon inda ba zai cuci kowa ba. Ba ka sa harsashi sai an ba da umarni. Yatsa ba ya hawa kunama sai saiti ya hau abin harbi. Ta huɗun ita ta fi zama mini a rai: ka tabbatar na kusa da kai ma yana bin dokokin. Wato yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana da ikon tsayar da dattijo idan ya yi sakaci, kuma ba zai ce ta yi masa rashin kunya ba.

Harbin kansa ba irin na fim ba ne. Yawancin mutane ƙaramar bindiga mai harsashin .22 suke kawowa, ana harbin takarda daga nisan mita 25, an zana mata siffofi ƙanana don su yi daidai da nisan yadi 100 zuwa 400. A tsaye, a zaune, sannan rub da ciki. Ana koya maka ɗaure maratayin bindiga a damtse don ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka. Sai su ce ka yi saiti, ka rufe ido, ka ja numfashi ka saki, ka buɗe. Idan saitin ya goce, ba hannu za ka murɗa ba, ƙugunka za ka gyara, domin jiki ba ya zama inda aka tilasta masa. Ana danna kunama a ɗan tsakanin nan da numfashi ya fita wani bai shigo ba. Jarrabawar ƙarshe harsashi 40 ce, maki 250, wanda ya kai 210 a ba shi ɗan ƙyallen shaida ya liƙa a riga. Ban kai ba. Na dai fito da sanin cewa mai fushi da mai gaggawa ba sa iya wannan aiki.

To amma ba wannan ya sa nake rubuto muku ba, Malam. Ku kuka koya mana tarihi, kuma tarihin ne ya kama ni.

Lokacin cin abincin rana sai a ajiye bindigogi, kowa ya zauna a inuwa, wani mai jar hula ya miƙe ya ba da labarin yini guda tak: 19 ga Afrilu, 1775, ranar da aka fara yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila. Suna kiran labarin ƙyasta ashana sau uku. Janar Thomas Gage ya tura sojojin Ingila kimanin 700 daga Boston cikin dare su je garin Konkod, tafiyar kusan kilomita 30, su lalata albarushi da makaman da mutanen yankin suka tara. Paul Revere da William Dawes suka fita a kan dawaki suna tada ƙauyuka, wani likita Samuel Prescott ya ƙarasa da saƙon Konkod bayan an kama Revere a hanya. Da asuba a dandalin garin Leksinton, Kyaftin John Parker, shugaban mayaƙan garin, wanda tarin fuka ya riga ya ci jikinsa, ya tsaya da mutum kimanin 77. Aka yi harbi, mutum takwas na garin suka faɗi. Ƙyastawa ta farko ke nan, wuta ba ta kama ba. Ta biyu a gadar arewacin Konkod. Ta uku a mahaɗar hanya ta Meriam, inda wutar ta kama ta bi sojojin har Boston.

Abin da ya girgiza ni shi ne sunaye. Ba sa cewa "jarumai sun yi shahada" su wuce. Za su ce maka Isaac Davis maƙerin bindiga ne daga garin Acton, shekararsa 30, 'ya'yansa huɗu, da zai fita ya juyo ya ce wa matarsa Hannah ta kula da yaran, kuma yana cikin na farko da suka faɗi a gadar. Za su ce maka Samuel Whittemore yana da shekara 78 ya laɓe bayan katanga ya yi harbi, aka harbe shi a fuska, aka sossoke shi aka bar shi a matsayin gawa, ya tashi ya ƙara shekara 18 a duniya. Mai ba da labarin bai riƙe takarda ba. Na ga manyan maza suna share ido.

Ina zaune a wurin sai zuciyata ta koma ajinku. Na tuna kuna rubuta mana a allo cewa Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Burmi a Yulin shekarar, sai Satiru a 1906. Ingilar da suka kora ita ce ta ci mu. Na tambayi kaina, ban da Attahiru da Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi, sunan mutum nawa zan iya kawowa? Wane manomi, wane maƙeri, wace mata aka bari da yara? Kunya ta kama ni, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Labarin nasu ma ba shi da tsarki duka. Cikin waɗanda aka raunata a Leksinton akwai Prince Estabrook, baƙar fata, bawa ne a lokacin da ya tsaya neman 'yancin da shi ba shi da shi. Bauta ba ta ƙare a dokar ƙasar ba sai 1865. Ni baƙin mutum ba zan ji labarin 1775 ban tuna da shi ba. Haka kuma ba zan ɓoye muku cewa a 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka ba, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Ƙasar da ke da wannan adadi ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi a kan makami.

Sai kashi na biyu na tambayarku, ko mu kwaikwaya. A'a, Malam, ba a ɓangaren bindiga ba. Na san kalmar "sa-kai" ce ta tayar muku da hankali, kuma kuna da hujja. A can mai sa-kai shi ne wanda ya bar hutunsa ya zo ya koyar kyauta. A Zamfara da Katsina 'yan sa-kai sun fara ne da kare ƙauyukansu, amma da aka rasa mai tsawata musu sai aka shiga kashe mutum a kasuwa saboda kamanninsa, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar ta ƙara ruruwa. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce a 2022 mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, na fahimci ƙuncin da ya kawo maganar, amma ban yi murna ba.

Kuma ko labarin 1775 ɗin, idan aka duba shi da kyau, ba iya harbi ne ya yi aiki ba. Mutum kusan 4,000 suka fito a ranar, suka yini suna harbi, amma sojojin Ingila da aka kashe, aka raunata ko suka ɓace ba su wuce 300 ba. Bindigogin zamanin ba su da wani bambanci sosai da harba-ruga ta maharbanmu. Abin da ya firgita Gage shi ne yadda saƙo ya ratsa garuruwa cikin dare ɗaya da ƙararrawa da mahaya, kowane gari da rundunarsa, sunan kowa a rubuce, shugabanninsu zaɓaɓɓu, kuma taron gari yana da ikon tuhumarsu. Bayan faɗan ma sai da aka zauna aka ɗauki shaidar waɗanda suka gani da rantsuwa. Wanda ya ɗauko bindigar ya baro wannan tsari, bala'i ya ɗauko.

Ina da roƙo. Shekarunku sun ja, kuma na san akwai abubuwan da kuka ji daga bakin tsofaffi waɗanda ba su shiga littafi ba, irin wanda kuka taɓa ba mu na kakanku da ya bi ayarin hijira zuwa gabas. Idan na zo hutun ƙarshen shekara zan zo da ɗana da na'urar ɗaukar murya, ku ba mu yini biyu, mu rubuta duk sunan da kuka riƙe da garin da mai shi ya fito. In hanyar Gusau ta yi lafiya a lokacin, ina so mu je Kwatarkwashi ku nuna masa wurin.

A gaida Hajiya da mutanen gida.

Ɗalibinku.