Kafin ka sayi maus mara waya, juya shi ka duba cikinsa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu sana'a irin tawa a kan maus, wanda malaman Hausa ke kira linzamin kwamfuta.

Ina da shagon buga takardu a Kano, kwamfuta huɗu, yara uku. Bara, gab da lokacin da ɗalibai ke tururuwar kawo kundin kammala karatu, na gaji da wayoyin da suka harɗe a kan tebur, na shiga kasuwa na kwaso maus mara waya guda huɗu, mafi araha da na gani. Masu sheƙi ne, har da fitila mai canza launi. Na dawo ina jin na yi dabara.

Ba a yi mako biyu ba ɗaya ya tashi daga aiki, alhali lafiyarsa ƙalau. Wani ɗalibi ne ya zo da filash, bai ga ramin USB a buɗe ba, ya zare ɗan risibar da ake soka wa kwamfuta don ta karɓi saƙon maus, wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba, ya ajiye a gefe. Da safe yaro ya yi shara, shi ke nan. Na koma kasuwa neman risiba kaɗai, mai shago ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai tare aka haɗo su daga kamfani, sai dai ka sake sabo." Gaskiya ya faɗa. Yawancin masu arahar nan kowanne da risibarsa yake magana, ta wani ba ta jin sa. Yanzu haka akwai marayu biyu a cikin durowata, na kasa zubarwa saboda ƙyashi.

Shi ya sa yanzu, kafin in tambayi kuɗi, juya maus nake yi. In babu ɗan ramin ɓoye risiba a ƙasansa ko a gidan batir, na ajiye. In babu makunnin kashewa, na ajiye. Sai in buɗe in ga wane batir yake ci. Na fi son mai AA ɗaya, don batirin AA yana ɗaukar ninkin cajin AAA har da ɗoriya, kuma ko mai tebur na bakin layi yana da shi. Fitilar ado kuwa batirinka take sha kana kallo. Na gwada mai caji, amma a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, gara wanda zan sa yaro ya sayo masa batir cikin minti biyar. Abin da zan ja kunne a kai shi ne batir ɗan arha: in ya daɗe a ciki da zafin nan namu, yoyo yake yi, farin gari ya cinye ƙarfen, maus ya mutu. In za ka yi tafiya, cire shi.

Masu sayarwa kan cika ka da zancen DPI, su nuna maka lamba mai yawa a jikin kwali. Ma'aunin saurin kibiya ne kawai, kuma mai aikin Word da Excel 1000 ta ishe shi. Logitech M185 da na koma saye 1000 ɗin ce a kansa, batir AA ɗaya, kamfanin ya ce yana kai wata 12. Ya fi waɗancan tsada, amma ban sake waiwayar kasuwa a kansa ba. Sai dai a lura, duk abin da ya yi suna ana buga jabunsa. In an sallama maka shi a farashin da ya yi daɗi da yawa, ajiye.

Saura Bluetooth. Mai laftof da ramukan USB biyu kacal zai more shi, babu risibar da za ta ɓata. Amma tsofaffin kwamfutocin tebur da muke saye na hannu, da yawansu ba su da Bluetooth, kada ka kai gida ka yi ta dannawa a banza. In kuma kibiya na tsalle, kafin ka zagi maus, duba ko teburinka gilashi ne, ko risibar na maƙwabtaka da filash a shuɗin ramin nan na USB 3.0, don yana dagula siginar 2.4GHz da maus ke magana da risibarsa da ita. Canza rami sau da yawa ya wadatar.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu, ku ajiye batir ɗaya da kwamfuta a shago mu riƙa gwadawa, mu ji ya cika tafin hannu, mu murza tayar tsakiya. Ni dai kwamfutoci biyun da ɗalibai ke zama a kai na mayar musu da mai waya, mara wayar na bar wa teburina da na babban yarona.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Kano