Motar James Bond ta sha kirari, a waiwayi injinan da suka yi aikin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan maƙalar da kuka buga a shafin nishaɗi game da motar James Bond, wato Aston Martin DB5. Na ji daɗinta, don ba kullum ake tuna tsofaffin motocin Ingila a jaridar Hausa ba. Inda muka rabu da marubucin shi ne wurin da ya naɗa wa wannan mota sarautar duk abin da Ingila ta taɓa ƙerawa. Ni tsohon bakanike ne, na koyi sana'a a Kaduna tun motocin Ingila ba su yi wuyar gani a titi ba, kuma a ganina fim ya karkatar da hankalin mutane. Darajar waɗannan motoci tana ƙarƙashin bonet, amma masu fim fenti suke haskawa.

Ba na raina DB5. Injinta mai silinda 6 ne a jere, lita 4, na alminiyam, aikin wani injiniya ɗan asalin Poland mai suna Tadek Marek, kuma yana ba da ƙarfin doki 282. A 1963 wannan ba wasa ba ne. Haruffan DB ɗin ma sunan David Brown ne, mutumin da ya sayi kamfanin a 1947, wanda ya yi suna a ƙera giya da taraktocin noma. To amma duka duka DB5 da aka ƙera daga 1963 zuwa 1965 ba su kai 1,100 ba. Mutum nawa ne suka taɓa riƙe sitiyarinta? Abin da duniya ta sani shi ne abin da fim ɗin Goldfinger na 1964 ya nuna: kujera mai cilla mutum sama, lamba mai juyawa, bindigogi a gaba. Duk waɗannan ma'aikatan fim ne suka liƙa su. A cikin labarin ma Sean Connery, wanda ya fito a matsayin Bond, bango ya kai wa karo da ita, aka kama shi. Duk da haka a 2019 an yi gwanjon ɗaya daga cikin motocin da aka yi wa wannan ado a kan kuɗi sama da dala miliyan 6.

Farar Lotus Esprit da ta faɗa teku ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa a fim ɗin Bond na 1977 ta fi wannan ban dariya. Wadda aka gani tana yawo cikin ruwa ƙwarya ce kawai, babu injin mota a cikinta, ruwa na shiga ko'ina, mai tuƙa ta kuma sanye yake da kayan nutso. Elon Musk ya saye ta a 2013. Allah ya amfana, amma wannan ba mota ba ce da bakanike zai yi magana a kanta.

Idan ana neman injin da ya ɗauki jama'a, a duba ɗan ƙaramin nan da ake kira A-series. A 1951 ya fara fitowa a cikin Austin A30, bai ma kai lita ɗaya ba, kuma ba a daina ƙera shi ba sai a 2000. Shi ne a cikin yawancin Morris Minor, motar Ingila ta farko da aka ƙera guda miliyan ɗaya, wadda ta yi aikin tasi a biranen ƙasar nan. Silinda 4 ne, na baƙin ƙarfe, komai nasa a sarari yake. Yaron gareji da ya shekara yana wanke sifana zai iya kwance shi ya ɗaure. Kaburetarsa ta SU tana da ɗan murfi a sama inda ake ɗiga mai, kuma in mota mai kabureta biyu ce, da kunne ake daidaita su. Maigidana, Allah ya jiƙansa, guntun tiyo yake ɗauka ya kara a bakin wannan ya saurara, ya kara a bakin waccan, ya yi ta murɗa noti har sai hucinsu ya zo ɗaya. Ba na'ura, ba kwamfuta. Wanda bai taɓa gani ba sai ya zaci tsafi ake yi.

Wannan injin injiniya Alec Issigonis ya ɗauka ya yi abin da ya sauya ƙirar ƙananan motoci har yau. Rikicin mashigin Suez na 1956 ya jawo ƙarancin fetur a Ingila har aka koma rabonsa da ƙa'ida, sai kamfanin BMC, mai ƙera Austin da Morris, ya buƙaci ƙaramar mota marar shan mai wadda za ta ɗauki mutum huɗu. Issigonis ya kwantar da injin a gicciye, ya cusa giya a ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya, ya sa tayoyin gaba su ja motar, tayoyin kuma 'yan inci 10. A watan Agusta na 1959 Mini ta fito. Ka buɗe bonet ɗin kusan kowace ƙaramar mota da ke yawo a Kano ko Maraɗi yau, za ka tarar da inji a gicciye yana jan tayoyin gaba. Wannan gado ya fi kujera mai cilla mutum nesa ba kusa ba. Kuma 'yar motar ba a kasuwa kaɗai ta tsaya ba: samfurin Cooper S ya cinye gasar tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967. A 1966 ma su suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, alƙalan gasar suka soke su a kan wata ƙa'idar fitilun gaba, abin da masoyanta ba su yafe ba har gobe.

Fim ɗaya ne na ga ya yi wa Mini adalci, wato The Italian Job na 1969 wanda Michael Caine ya fito a ciki. A labarin, manyan motocin 'yan fashin, Jaguar biyu da Aston Martin, tun a kan dutse aka ragargaje su. Mini uku, ja da fara da shuɗiya, su suka kwashe zinariyar suka bi ta matakala da rufin gini da magudanar ruwa a birnin Turin. Magudanar ma a Coventry ta Ingila aka ɗauke ta. 'Ya'yanmu kuwa ta hannun Mista Bean suka san Mini, mai kwaɗo a ƙofa, wadda ya taɓa tuƙawa daga kan kujerar falo da ya ɗaure a rufinta. Suna dariya, ba su san cewa an ƙera irinta fiye da miliyan 5 ba, kuma ita ce ta koya wa manyan kamfanoni yadda ake tsara ƙaramar mota.

Jaguar kuma, marubucinku ya ambaci kyan E-Type, ya wuce bai ce komai a kan abin da ke jan ta ba. Injin XK ne, mai silinda 6, kuma tarihinsa ya fi na motar tsawo. William Lyons, shugaban kamfanin, da injiniyoyinsa sun tattauna ƙirarsa ne a dararen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suke gadin masana'antarsu a Coventry saboda gobarar bama-bamai. Ya fito a 1948, ya ci gasar sa'a 24 ta Le Mans sau biyar: 1951, 1953, 1955, 1956 da 1957. Da E-Type ta bayyana a Geneva a 1961, injin ya riga ya shekara 13 yana aiki, kuma bai yi ritaya ba sai 1992. An sa shi a motar kashe gobara, an sa shi a ƙaramar tankar yaƙi ta Scorpion, irin wadda sojan Nijeriya ma suka mallaka. Inji guda, ya yi tsere, ya ɗauki sarakuna, ya ja igwa. Wane fim ne ya ba da wannan labari? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai ma abin da ke nuna cewa shiga fim sa'a ce kawai. Lokacin da za a fara shirin talabijin na The Saint a 1962, Jaguar aka fara nema, kamfanin bai ba da mota ba don kasuwarta na ci ba ta buƙatar talla. Sai Roger Moore ya hau farar Volvo P1800 ta Sweden, ita ta kwashi sunan. Abin dariyar shi ne, na farkon waɗannan Volvo a Ingila aka harhaɗa su, a masana'antar Jensen. A ɗaya gefen, Triumph Stag ta samu shiga fim ɗin Bond na 1971, alhali injinta mai silinda 8 ya yi ƙaurin suna wajen zafi, har masu ita da yawa suka cire shi suka dasa na Rover ko na Ford.

Shi wannan na Rover mai silinda 8, wanda Turawan Ingila ke alfahari da rurinsa, asalinsa ɗan Amurka ne. Buick ce ta ƙera shi da alminiyam, ta ajiye shi a 1963. Shugaban Rover, William Martin-Hurst, ya ci karo da shi a wata masana'antar injin kwale-kwale a Amurka, ya ga ba shi da nauyi ga ƙarfi, kamfaninsa ya sayi haƙƙin ƙera shi a 1965. Lita 3.5 ne a lokacin. Ya shiga Rover a 1967, ya shiga Range Rover ta farko a 1970, ya shiga Morgan da MG da TVR, ya kai kusan shekara 40 yana aiki.

Amma mu nan arewa, in an ce motar Ingila, Land Rover ce ke faɗowa a rai kafin komai. A 1948 aka fara nuna ta a Amsterdam, kuma dalilin da ya sa bodinta na alminiyam ne shi ne ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, ba wata gwaninta ba. Sai larurar ta zama alheri, don bodin ba ya tsatsa, ko da yake shasin da ke ƙasa yana yi. Daga 1958 aka sa mata injin lita 2.25 wanda duk bakaniken zamaninmu ya san shi ciki da bai. Ba ya gudu, yana shan mai, amma zai tashi da fetur marar kyau, in batir ya mutu kuma a zura ƙarfe ta gaba a murɗa. Da ita ma'aikatan En'e da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi suka shiga ƙauyukan da ba su san kwalta ba. Fim ɗin da ya nuna halinta na gaskiya shi ne The Gods Must Be Crazy na 1980, inda tsohuwar Land Rover marar birki take gudu ta bar direba a bakin ƙofa, daga baya ta ja kanta da igiyarta ta rataye a bishiya. Duk direban da ya yi aiki da tsohuwarta ya yi dariyar da ta fi ta sauran 'yan kallo.

Kada a ce tsufa ya sa na manta aibinsu. Suna ɗigar da baƙin mai, kowa ya sani. Mini ta farko ruwan sama na shiga ta gaba ya jiƙa wayoyin fulogi ta mutu a tsakiyar hanya. Masoyan waɗannan motoci a Ingila da Amurka su da kansu suka laƙaba wa kamfanin kayan lantarki na Lucas sunan Yariman Duhu. Da aka haɗe kamfanonin motocin Ingila da dama a 1968 aka kira su British Leyland, yajin aiki da sakaci suka yi yawa har gwamnati ta karɓe shi a 1975. A wannan shekarar ce Peugeot ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna, kuma tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wanda ya bar tsofaffin motocinmu na Ingila da sitiyari a gefen da bai dace ba. Leyland ta buɗe masana'anta a Ibadan, amma 504 da motocin Japan sun riga sun cinye kasuwa, kuma da gaskiyarsu. Yau Mini da Rolls-Royce na hannun BMW, Jaguar da Land Rover na hannun Tata ta Indiya tun 2008, MG kuma ta koma China.

Roƙona, Malam Edita, shi ne a aika wakili ya zaga Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ya nemi dattawan da suka yi aiki a kan waɗannan injina, ya ɗauki maganarsu da hotunan abin da ya saura a bayan garejinsu. Ya tambaye su yadda suke ƙera abin da babu shi a kasuwa, da yadda suke gane ciwon inji daga ƙararsa. A haɗa da tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano da sauran motocin da ke ajiye a gidajen sarauta, a ji wa ke kula da su, kuma ina ake samo kayan gyaransu. Idan an shirya, ni mai iya raka wakilin naku ne wurin waɗanda na sani a Kaduna.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon bakanike mai karanta ku,
Kaduna