Zumuntar ɗalibai Kirista: a shirya magada tun da wuri

Malam Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin ikilisiyoyi da masu kula da zumuntar ɗalibai Kirista a manyan makarantu kan inda aikin ya fi lalacewa, wato miƙa ragamar shugabanci.

Tun kafuwar IFES, haɗaɗɗiyar ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista ta duniya, a 1947, tsarinta shi ne ɗalibai su jagoranci kansu, ma'aikata su tsaya a gefe suna ba da shawara. Tsari ne mai kyau, amma duk shekara uku ko huɗu waɗanda suka san aikin sukan kammala su watse. In aka bar ɗan ajin ƙarshe da shugabanci har ranar jarrabawarsa ta ƙarshe, zai tafi da komai a kansa, na baya su yi ta lalube.

A zaɓi sababbin shugabanni daga 'yan aji biyu ko uku, zango guda kafin tsofaffi su sauka, su yi aiki tare. Littafin kuɗi, rajistar membobi da takardar izinin ɗakin taro, duk a miƙa su a rubuce gaban shaida. Baiko kuwa, wato kuɗin da membobi ke bayarwa a wurin taro, mutum biyu su ƙirga, kada a ajiye shi a asusun ɗalibi ɗaya, kuma sai da sa hannu biyu za a cire. Zargi kan kuɗi yakan raba zumunta cikin mako guda.

Magada daga ƙananan rukunonin nazarin Littafi Mai Tsarki suke fitowa. Mutum shida zuwa goma sun isa. Da zarar sun haura sha biyu, masu kunya sukan yi shiru, nazari ya koma wa'azin mutum ɗaya. Kowane jagora ya riƙe mataimaki, yana bar masa jagoranci sau ɗaya a wata, bisa koyarwar 2 Timoti 2:2, cewa a danƙa abin da aka koya ga amintattu da za su iya koya wa wasu.

Abin da ya fi damunmu shi ne taro dare biyar a mako, har shugaba ya faɗi jarrabawa, ƙanana su guji muƙami. Karatu ma hidima ne ga Ubangiji. Babban taro ɗaya da nazari ɗaya a mako sun wadatar, a kuma rage su mako biyu kafin jarrabawa. Kowane zango a gayyato tsofaffin membobi, likita ko malami ko injiniya, su bayyana yadda suke riƙe gaskiya a wurin aiki idan aka miƙo musu cin hanci.

Naku,
Wasu ma'aikatan zumuntar ɗalibai