Sinadarin Itace Mai Sauya Launi Cikin Ruwa

Ya Edita,

Ina roƙon filinka domin in jawo hankalin ɗaliban kimiyya kan hydroxypropyl cellulose (HPC), sinadarin da ake sarrafawa daga selulos, wato zaren da ke jikin itace, wanda ake sakawa a ƙwayoyin magani. Idan aka narkar da shi a ruwa har ya haura kashi 40 cikin ɗari na nauyin haɗin, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi sinadarin kan jeru cikin tsari mai murɗiya alhali yana nan a ruwa-ruwa, kamar yadda masana kimiyya Werbowyj da Gray suka bayyana a Kanada a 1976. Wajajen kashi 60 zuwa 70 launi kan bayyana ba tare da rini ba, daga ja ya karkata zuwa shuɗi gwargwadon raguwar ruwan. Mai tsinkakken haɗi kuwa, da zafi ya wuce digiri 40 na Salshiyas sai ya gurɓace ya yi fari. A ganina ya cancanci shiga manhajar jami'o'i.

Naka,
Mai karatu