Wasiƙa daga Argungu kan Littafi na Uku

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya Ikko, yaya iyali? Nan gida kowa lafiya, suna gaishe ka.

Ka tambaya ko littafi na uku na labarin takobin aljanun nan ya cancanci kuɗinka. Ya cancanta, amma ka shirya jin haushi a ƙarshensa.

Babin da aka kewaye birni shi ne mafi kyau a duk littattafan uku. Marubucin ya san yunwa da ƙishirwa ke ci gari kafin takobi. Ya nuna yadda rijiyoyin cikin ganuwa ke ƙafewa, rumbuna na ƙarewa, har a koma yanka dawaki. 'Yan lifidi kuwa, wato mayaƙan doki masu sulken auduga, bai mai da su dodanni ba: ruwan sama ya jiƙa audugar, ta yi nauyi, doki ya kasa sukuwa a laka, 'yan baka suka same su a sauƙaƙe. Wanda ya taɓa ganin ganuwar dutse ta Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, ko ya ji yadda aka sha fama kafin Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, zai gane ba shaci-faɗi ba ne.

Inda marubucin ya ɓata shi ne dokar takobin. A littafi na ɗaya an gindaya mana sharaɗi: duk zarewa ɗaya, shekara ɗaya ta rage daga ran mai shi. Wannan ne ya sa gabanmu ke faɗuwa duk sanda jarumin ya kai hannu kube. A na biyu ma an kiyaye, har furfura ta fito masa. A na uku sai ga shi yana zarewa safe da yamma, ko tari bai yi ba. Da marubucin ya ga ya shiga tsaka mai wuya, sai ya jefo wani tsoho da ba mu taɓa jin labarinsa ba, da laya a hannu, wai tana karya sharaɗin. Haba! Da an ambaci layar nan tun farko, ko a bakin wani maroƙi ne, da ta zauna daram.

Gimbiyar da ta ja runduna a na biyu kuma an kulle ta a kurkuku kusan rabin littafin, don dai a samu wadda za a ceto.

A ganina daga yadda aka rubuta shi matsalar ta taso. Shafi-shafi ake sakinsa a WhatsApp, abin da ya fita ba ya dawowa a gyara, ga masu karatu da suka biya kuɗi suna roƙon kada a kashe musu jarumi. Abubakar Imam bai ɗaukar wa kansa wannan bashi ba a Magana Jari Ce: kowane littafi cikin ukun da nasa dalilin ba da labarai, na uku aku ne ke koyar da ɗansa Fasih. Wannan kuwa labari ɗaya ne dogo, duk alkawarin da aka ɗauka a farko a nan ake jiran cikawa.

Kafin ka fara, sake duba babin farko na littafi na ɗaya inda boka ya faɗi sharaɗin, sai ka gaya mini ko na matsa masa da yawa.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka