Tunatarwa kan gwajin ido ga masu shan haidroksikulorokwin

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan saƙo na masu shan haidroksikulorokwin ne, wato Plaquenil, saboda lupus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum) ko amosanin gaɓɓai.

Maganin yana da amfani ƙwarai, kada kowa ya daina sha da kansa. Sai dai idan an daɗe ana sha, yakan iya taɓa tantanin da ke can bayan ido, wanda da shi muke gani. Abin da ya sa nake nanatawa shi ne, da farko ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Kafin mutum ya lura rubutu na ɓace masa, ɓarnar ta yi nisa, kuma ba ta gyaruwa.

A yi gwajin farko cikin shekarar da aka fara sha. Bayan shekara 5, duk shekara. Mai ciwon ƙoda ko mai shan tamoksifen (maganin sankarar mama), kada ya jira shekara 5 ɗin.

Awon tabarau bai wadatar ba fa. Ku nemi hoton OCT (hoton tantanin bayan ido) da gwajin faɗin gani a asibitin ido.

Ku kuma tambayi likita ko adadin ya dace da nauyinku, don ba a so ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana. Wanda ya rame ya sanar da shi.

Allah ya ƙara mana lafiya.