Wasiƙa zuwa Maraɗi kan allon nuna hanya a baje koli

Kano, Nijeriya

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kasuwar Dawanau tana nan yadda ka san ta, yau farashin riɗi ya hau, gobe ya sauko.

Saƙonka ya iso ni ta hannun direban da ke kawo mana aya. Na ji an saka ka cikin kwamitin shirya baje kolin da 'yan kasuwarku suke son yi, Allah Ya taya ka riƙo. Na kuma ji cewa wani daga cikinku ya kawo shawarar a sayo allunan nan da ake taɓawa da yatsa su nuna wa baƙo hanyar rumfar da yake nema, har an fara maganar kuɗi. Ka ce in gaya maka gaskiyar abin da na gani a Dubai. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka samu abin da za ka karanta wa mutanenka.

Sai ka fara sanin girman wurin kafin ka gane dalilin allon. Baje kolin da na je shi ne Gulfood, na kayan abinci, wanda aka fara tun 1987. Na watan Fabrairun 2025 na halarta, a cibiyar kasuwanci ta duniya da ke Dubai, wadda jirgin ƙasa na cikin gari yake da tasha a bakinta. Kamfanoni sama da 5,000 ne suka baje kaya, daga ƙasashe fiye da 100, kuma kwana biyar kacal ake yi. Zaurukan wasu lamba gare su, wasu suna: akwai na Za'abeel, akwai na Sheikh Saeed, akwai Sheikh Rashid da Sheikh Maktoum. Kowace rumfa tana da harafi da lamba. Ka lissafa da kanka: mutum ya ce zai tsaya minti ɗaya tak a kowace rumfa, sai ya yi awa sama da 80 bai gama ba, ban da tafiyar da ke tsakani. To wanda ya biya kuɗin biza da jirgi da masauki a irin canjin da muke ciki, kowace awa da ya ɓatar yana bulayi kuɗi ce ta zube.

Allon kansa ba wani abin mamaki ba ne. Gilashi ne a tsaye, ya kai tsayin mutum ko kusa, kamar babbar waya da aka kafa a ƙasa. Ka taɓa, haruffa su fito. Ka rubuta sunan kamfani, ko irin kayan da kake nema, ko ƙasa. Sai ya jero maka waɗanda suka dace, ka taɓa ɗaya, taswira ta buɗe da ɗigo mai cewa ga inda kake tsaye, da layi da ya bi ta tsakanin rumfuna har inda za ka. Irin waɗannan alluna da yawa suna fito da lambar QR a gefe, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da kyamarar waya ke karantawa, ka ɗauka da wayarka ka tafi da hanyar a hannu. Wannan yana da amfani, don taswirar waya da muka saba da ita da tauraron ɗan'adam take aiki, shi kuwa siginarsa ba ya ratsa rufin manyan gine-gine da kyau. Shi allo a kafe yake, ya san inda yake, ba ya buƙatar tambayar sama.

Abin da ya sa na ɗauki allon da muhimmanci shi ne wannan. Na je ne neman masu sayen riɗi da zoɓorodo, kuma ina son in ga abokan gasarmu, mutanen Sudan da Habasha da Indiya, in ga tsabtar kayansu da yadda suke ɗaure shi. Manyan kamfanoni ba sa ɓuya. Rumfunansu hawa biyu, fitilu ko'ina, ana ta soye-soye ana raba ɗanɗano, ko ba ka neme su ba za ka yi karo da su. Da na rubuta riɗi a allon da Turanci, sai ga jerin sunaye, ciki har da wani da ban taɓa ji ba. Na bi layin har ƙarshen wani zaure, kusa da ƙofar da ake shigo da kaya. Rumfa ce 'yar ƙarama, teburi ɗaya, kujeru biyu. Wani dattijo Basudane ne zaune da farin rawani, a gabansa ƙananan kwanoni na riɗi fari da ja, da ƙaro a cikin leda. Ya miƙe da sauri har kujerar ta kusa faɗuwa. Da Larabcina na makarantar allo da Turancinsa kaɗan muka yi hira mai tsawo, ya zuba min riɗin a tafin hannu ya ce in murza in ji. Ya nuna min katunan da ya tara ranar, ba su cika hannu ba, kuma ya ce yawancin masu su da lambar rumfarsa a rubuce suka zo.

Aminina, wannan dattijon shi ne mutumin da nake so ka riƙa tunawa a zaman kwamitinku. Mai kuɗi zai sayi bakin ƙofa ko da allo ko babu. Mai kilishi, da mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da mai jimar fatar jar akuyar nan taku, da wanda ya ɗauko albasa tun daga Galmi, su ne ake turawa can ƙurya. Sun biya kuɗin rumfa kamar kowa, amma sai a tashi baje koli rabin baƙi ba su san suna nan ba. In allo zai sa a same su, to ya ci kuɗinsa.

Sai dai ga inda gizo yake saƙa. Allon ba ya sanin komai sai abin da aka zuba masa. A bayansa akwai jerin sunaye: wane ne, me yake sayarwa, a wace rumfa yake. In jerin ya gurɓace, allon zai yi maka ƙarya da fuska a sake, kuma za ka yarda da shi fiye da yadda za ka yarda da mutum. Na ga haka a wani baje koli daban, a wata ƙasa, ba sai na kama suna ba. An sauya wa wasu kamfanoni wuri daren da za a buɗe, ba wanda ya gyara a na'ura. Na bi layi tiryan-tiryan zuwa rumfar masu injin casar hatsi, na tarar da masu sayar da tayil. Muna tsaye mu da yawa a wurin, kowa da wayarsa a hannu yana duba lamba. Kafin azahar mutane sun daina kula allunan, suna wucewa ta gabansu zuwa wajen masu gadi. Kuma ka san halinmu: ana gobe buɗewa wani zai zo da takarda daga babban mutum a canza masa wuri, wani zai raba rumfarsa biyu ya ba ƙaninsa rabi, wani ya biya bai zo ba. Saboda haka kafin ku yi cinikin gilashi, ku samo mutum ɗaya mai amana da haƙuri wanda aikinsa kawai riƙe wannan jerin, ya zaga da ƙafarsa kowace safiya ya tabbatar abin da ke rubuce shi ne a ƙasa. Ku tabbatar kuma mai sayar muku da na'urar ya koya masa gyarawa da kansa, ba sai an kira wani a Yamai ko Legas ba.

Akwai wani abu ƙarami da yake rikita mutane ba su san dalili ba. Taswirar da ke allon dole ta fuskanci inda mai kallo ya fuskanta: abin da ke gabansa ya zama a sama, na damansa a dama. Wani masani a Amurka mai suna Marvin Levine ya yi rubutu kan wannan tun 1982, ya nuna cewa in an juya taswirar, mutane da yawa sukan kama hanyar da ba ita ba. Kowane allo ke nan da tasa taswirar, gwargwadon inda aka kafa shi. Sannan lambar da allo ya faɗa sai ta kasance a rubuce ɓaro-ɓaro a saman rumfar, da harafin layi a rataye inda za a hango daga nesa. Mutum yana barin gaban allo da taku goma ya fara mantawa, idonsa alama yake nema. Fenti da kwali da ƙyalle sun fi na'urar araha nesa ba kusa ba, amma in babu su ita ma ba ta da amfani.

Batun harshe kuwa, nan ne na fi jin abin a raina. A Dubai Turanci ya wadatar da yawancin baƙi. A Maraɗi wa zai tsaya gaban allon? Alhajin da yake juya miliyoyi a ka amma bai yi boko ba. Hajiyar da ta zo daga Tasawa ko Madarunfa neman injin markaɗe. Baƙi daga Jibiya da Katsina da ba su jin Faransanci. In allon Faransanci kawai yake yi, kun kashe kuɗi don mutanen da dama can za su iya karanta takarda. Tunda a 2025 hukumominku sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba ku da uzuri. A sa Hausa a shafin farko. A sa hotuna manya: buhun gero, takalmi, injin ban-ruwa, atamfa, yadda mutum zai taɓa hoto ba sai ya rubuta ba. In da hali a sa murya, ya taɓa ya ji an ce masa layi na uku, hannun dama, kusa da masallaci. Kuma a koya wa na'urar cewa zoɓo da soɓo da zoɓorodo da bisap duk abu ɗaya ne, don kowa da yadda zai rubuta. Kada ku manta abin da baƙo ya fi tambaya ma ba rumfa ba ce: ina masallaci, ina wurin alwala, ina bayi, ina abinci, ina ƙofar fita. Waɗannan su zauna a fuskar allon kullum.

Wani abu kuma da za a zo muku da shi da daɗin baki: a ce kamfani ya biya ƙarin kuɗi sunansa ya riƙa fitowa a sama. Ana yin haka a wurare da yawa, kuma yana rage wa masu shiri nauyi. Amma ka san dillalin da ke tare baƙo a bakin Kantin Kwari, ya ce zo in kai ka inda ya fi sauƙi, alhali inda la'adarsa take zai kai shi. In kun bar allon ya zama haka, ƙananan nan da na ambata sun sake komawa ƙurya, wannan karon a cikin na'ura. Ku sayar da talla a gefen allo ko lokacin da ba kowa a gabansa, wannan halak ne. Amma sakamakon nema ku bar shi a jere bisa adalci.

Sauran na ƙarfe da wuta ne, kai ma ka san su. Zaurukan Dubai a rufe suke da sanyin na'ura, naku fili ne da rana da ƙura. Allon da aka yi don cikin ɗaki ba a ganin komai a kansa da tsakar rana, kuma zafi yana kashe shi. Irin allon da ke gane taɓawa ta hasken da ke kewaye da bakinsa, ƙurar hunturu tana rikita shi, gara irin gilashin waya. A yi masa inuwa, a haɗa shi da batir da sola, kuma ya iya aiki ko intanet ta ɗauke. Wuraren taɓawa kada su wuce kamar mita 1.2 daga ƙasa, don mai keken guragu ya kai. A ajiye tsumma da abin gogewa, hannu dubu ne zai bi ta kansa.

Shawarata a taƙaice ga kwamiti: kada ku sayi goma. In rumfunanku ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, biyu sun isa gwaji, ɗaya a babbar ƙofa, ɗaya a tsakiya, kuma haya ta fi saye a karon farko. Kusa da kowanne a kafa babbar taswira ta fenti, don mutum ɗaya ne ke amfani da allo a lokaci guda, taswirar bango kuwa mutum ashirin za su kalla tare. Sannan a tsayar da saurayi ko budurwa daga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da riga mai alama, a biya su. Mutanenmu sun taso a kan matambayi ba ya ɓata, kuma dattijo ba zai so ya tsaya yana lalube a gaban jama'a ba. In akwai yaro mai ladabi da zai gaishe shi ya ce Baba me ake nema, ya taɓa masa sau ɗaya, gobe da kansa zai taɓa.

Ka aiko min da zanen filin da adadin rumfunan da kuke sa rai, ko a takarda ne ka ɗauki hoto. Zan zauna da yaron da ke kula mana da kwamfuta a ofis mu tsara muku yadda jerin zai kasance, da lambobin layuka, kyauta. Ka kuma gaya min watan da kuka tsayar, don ina son in kama rumfa ɗaya in kawo citta da zoɓorodo.

Ka gaishe min da Inna da kyau, ka ce mata ina nan tafe in Allah Ya yarda. Gaisuwa ga Hajiya da yara, da duk mutanen shago. Maiɗakina tana gaishe su, ta ce a tuna mata da ayar da aka yi mata alkawari.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Kano